Bodari a Kan Sikelina

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba, kuma ina son jin ta bakin masu sani kafin la'asar, domin da la'asar ɗin nan zan ba wani mutum amsa. Bari in fara lissafa muku abin da ke hannuna, don ku san ba neman hira ya sa na rubuto a wannan zaure ba. Buhu sittin na dabino ɗan Agadas a sito, na tara su saboda azumin da ke tafe. Sunan da na yi shekara da shekaru ina ginawa a kasuwa. Sai ƙane guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ni da wani bayan shi. A cikin ukun nan akwai wanda zan iya rasawa yau, kuma ban san wanne ba ne.

Ni 'yar kasuwa ce, sarin dabino nake yi. Da faranti na fara a bakin tasha, ina bin tagogin motoci. Ba gado na ci ba, ba kuma wani ne ya ɗauki jari ya ba ni ba. Abin da ya tsayar da ni ƙa'ida ce guda. Duk buhun da ya shigo sitona sai an farke shi an zazzage a kan tabarma. Ni da matan da ke taya ni mu tsince mai tsutsa, mu ware wanda ruwa ya taɓa, mu kakkaɓe yashi, a mayar, a ɗora a sikeli, sannan in ɗinke bakinsa da jan zare da hannuna. Masu sari daga Kano da Haɗeja sun san zaren nan. In suka gan shi ba sa soka buhu, ba sa cewa a buɗe, ɗauka kawai suke yi a loda. Wasunsu ma sunana na yanka ba su sani ba, Hajiya mai jan zare suke cewa.

Ƙanena Sabi'u direba ne. Motar mutane yake ja, ga iyali, kuma ya daɗe yana burin tasa. Shi ne ya kawo min wani mutum shekaranjiya, wai shi Alhaji Gambo. Dogo ne, ya sha babbar riga ta shadda mai sitaci, tana ƙara in ya motsa, turarensa ya riga shi shigowa sito. Ya zauna a bencina ya ce yana da buhu ɗari a hanya. Yana so su sauka a wurina, in ɗinke su da zarena, a sayar tare da nawa a raba riba. Shi kuma zai ba Sabi'u mota ya ja, a hankali ta zama tasa.

Na ce, "Madalla, Alhaji. In sun iso sai a zazzage kamar yadda na saba."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, azumi ya ƙarato. Buhu ɗari a tsince ɗaya bayan ɗaya? Ai sai an ci tuwon salla ba mu gama ba. Kayana tsab suke, a gabana aka cika."

"To in zaɓi goma da kaina in farke."

"Wanda zai farke goma bai yarda da casa'in ba. Ni kuwa ba na haɗa kasuwa da wanda bai yarda da ni ba. Ki yi shawara, jibi da la'asar zan dawo."

Da ya fita Sabi'u ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu.

"Yaya, don girman Allah. Ke kowa sai kin auna shi kamar buhu."

"Buhu ai bai taɓa yi min ƙarya ba, Sabi'u."

"Sau ɗaya dai a rayuwarki ki ce to ba tare da kin shinshina ba. Ni fa ba yaro ba ne, furfura ta fara fito min a motar wani."

Wannan maganar ta zauna min. Na bi kasuwa ina tambaya a kaikaice. Wani ya ce mutumin Tawa ne, wani ya ce daga Maraɗi yake, wani ya ce ya taɓa ganinsa a harkar shanu. Ban ji sharrinsa ba, ban ji alherinsa ba. A kasuwa kuwa mutumin da ba a faɗin komai a kansa shi ya fi sa ni riƙe jakata. Na yi istihara na kwanta.

Akwai abu ɗaya da sai na faɗa muku tukuna, in ba haka ba mafarkin ba zai shiga ba. Na san nauyin bodari, kuma da hannuna na auna. Ga wanda bai san shi ba, wata 'yar dabba ce mai zanen fari da baƙi, da dare yake fitowa farautar ɓera da ƙadangaru. In an tsorata shi sai ya tayar da gashi, ya ɗaga wutsiya, ya fesa wani ruwa mai wari wanda sabulu ba ya kora da wuri. Wata shekara na je arewa sayen kaya da kaina, muna loda buhuna a bakin wata rijiya, karen masu raƙuma ya kashe guda ya yar a gindin motarmu. Maza suka toshe hanci suka watse. Na hamada ya fi na gonakinmu ƙanƙanta, ya kuma fi shi gashi. Farinsa ya rinjayi baƙin, da farin zobe kewaye da fuska, ƙafafu baƙaƙe ƙirin. A ido za ka ce ya kusa kai kyanwa. Ni kuwa hannuna ba ya ganin abu ya ƙyale. Na sa sanda na tura shi cikin tsohuwar leda, na rataya a ɗan sikelina na tafiya. Rabin kilo da ɗan ɗori. Mudun dabino ya ninka shi nauyi. Tsawonsa kuma daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya kamu ɗaya ne da 'yan yatsu, kuma wutsiyar ta cinye kaso mai yawa. Wani dattijo mai raƙuma yana kallona daga nesa ya ce, "Hajiya, sayensa za ki yi?" Na ce a'a, ina so ne in san nauyin abin da ya kori maza goma. Ya ce, "Gashi ne da wari. In kin cire su ba abin da ya rage."

To ga mafarkin.

Na gan ni a sitona, amma babu rufi. Rana tsaka, ko bango ba shi da inuwa. Ƙasan ba siminti ba ne, farin yashi ne mai zafi, ƙafata tana nutsewa har idon sawu. Buhunana suna tsaye a gefe guda a jere kamar sahun salla, kowanne da jan zarensa. A ɗaya gefen akwai wasu buhunan da ban sani ba, bakinsu ɗaure da igiyar kaba, sun fi nawa ƙiba. A tsakiya an rataye ma'auni irin na da, mai faranti biyu, irin wanda ake sa kaya a ɗaya a sa dutsen ƙarfe a ɗayan. Na ɗaga kai in ga inda aka rataye shi, sarƙar ta tafi sama kawai ba ta ƙare ba.

Na durƙusa ina neman duwatsun awo a cikin yashi. Duk inda na sa hannu sai in ji ramin da dutse ya zauna, amma dutsen babu. Na ce, "Wa ya kwashe min duwatsu?"

Sai kawai ga Sabi'u ya shigo ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da nono. Ya durƙusa gaban ma'aunin ya buɗe. Bodari ne a ciki, irin na hamada, da farin zobensa a fuska. Bai yi wari ba. Sabi'u ya karkata ƙwaryar, abin ya sauka da kansa ya hau faranti ɗaya ya zauna, ya naɗe wutsiya.

Wasu mutane biyu da ban ga fuskarsu ba suka ciccibo buhu ɗaya daga cikin baƙin buhunan, suna nishi saboda nauyi, suka ɗora a ɗaya farantin. Na tsaya ina jiran farantin buhun ya doki ƙasa, bodarin ya yi sama. Sai abin ya tayar da gashinsa. Ya kumbura ya kumbura har ya kai girman ɗan akuya, farantinsa ya fara sauka a hankali, na buhun yana tashi, har suka tsaya kai ɗaya. Wata murya daga sama, ba ta mace ba ba ta namiji ba, ta ce, "Daidai."

Na ce, "Ba daidai ba ne. Abin nan rabin kilo ne, na taɓa auna ɗan'uwansa."

Muryar ta sake cewa, "Daidai."

Sai na ga basilla a hannuna, da jan zare a jikinta. Ban ɗauko ta ba. Hannuna ya tafi da kansa ya kama bakin buhun ya fara ɗinki, irin ɗinkina sak, har da ƙullin da nake yi a ƙarshe. Na sa hannun hagu in riƙe na dama, na hagun ya kama buhun ya taya shi. Aka sauke, aka kawo wani. Wannan kuwa mutum ɗaya ne ya ɗauko shi da yatsu biyu, yana lilo da shi kamar buhun auduga. Bodarin ya kwantar da gashi ya koma ɗan mitsitsi, ma'auni ya tsaya kai ɗaya. "Daidai." Na ɗinke. Mai nauyi daidai, marar nauyi daidai. Duk abin da aka ɗora, bodarin zai zama girman da ake bukata.

Sai kawai muka koma kasuwa, amma kasuwar a kan tudun yashi take, babu rumfa ko ɗaya. Ma'aunin ya biyo mu, da bodarin a kai. Masu sarina suna tsaye a layi. A gaba akwai Hajiya Talatu, wata 'yar Kano da ta fi kowa daɗewa tana sayen kayana. Tana shafa jan zaren wani buhu daga cikin baƙin nan da yatsa, tana murmushi. Na ce, "Hajiya Talatu, kin ga abin da ake awo da shi kuwa?" Ta ci gaba da shafa zaren. Na ce, "Ki soka ki gani." Ta ɗaga hannu aka ɗauki buhun aka tafi da shi.

A nan na ga Alhaji Gambo. Yana tsaye a bayan ma'aunin, hannuwansa cikin riga. Na lura duk lokacin da bodarin ya tayar da gashi, rigarsa ita ma sai ta cika da iska ta buɗe kamar tanti. In abin ya kwantar, rigar ta saɓule ta manne, in ga mutumin siriri ne kamar karan dawa. Na ce a raina, to na gane ka. Na zagaya bayansa in duba sawunsa a yashi. Babu sawun takalmi. 'Yan ƙananan sawu ne masu farce, a jere, sun taho daga gangaren tudun har inda yake tsaye.

Na juya da sauri in nuna wa Sabi'u. Yana nan tsugune rungume da ƙwaryarsa. Kafin in yi magana idona ya sauka a bayansa, sai na ga irin sawun nan ne shi ma ya kawo shi. Na waiwaya in duba nawa, yashi ya riga ya rufe.

Bodarin ya sauko daga faranti ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane, ba wanda ya matsa, ya shige wani rami a gindin tudu. Ramin bai fi bakin tulu ba, amma na bi shi na shiga a tsaye.

Sai kawai na gan ni a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Ɗakinta na ƙauye, da jeren tasoshinta da gadon kara. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, tana tsintar dabino a faifai, abin da ba ta taɓa yi ba tana raye, ita gero ta sani. Bodarin yana kwance a cinyarta, ɗan ƙarami, daidai girman da na sani.

Na ce, "Inna, abin nan zai ɓata miki zane."

Ba ta ɗago ba.

Na durƙusa na warware zaren da ke hannuna na gwada tsawonsa, daga hanci zuwa wutsiya. Kamu ɗaya da 'yan yatsu. Raina ya ɗan kwanta. Na ce bari in sake don in tabbatar. A karo na biyu na ja zare daga hancinsa, na ja, na ja, wutsiyar ba ta zo ba. Zaren yana ta zuba daga hannuna, abin kuma a ido bai ƙaru ba, yana nan a cinyar Inna yana kallona. Na ga ƙullin zaren ya kusa ƙarewa, na tsinke da haƙori.

Inna ta ce, "Ina kika baro Sabi'u?"

Na ce, "Yana wajen awo."

Ta ce, "Shi tun yana ciki ba shi da nauyi. Iska kaɗan ke ɗaukarsa."

Na ce, "To in riƙe shi ne, ko in riƙe buhuna? Hannu biyu gare ni, Inna, kuma duka biyun ɗinki suke."

Ta ci gaba da tsintarta. Na lura wanda take warewa gefe da wanda take bari a faifai duk iri ɗaya ne a idona. Na miƙa hannu in ɗauki ɗaya in ɓare, ta janye faifan.

Sai kawai na koma sito. Ranar tana nan inda na bar ta. Baƙin buhunan duk an ɗinke su da ja an cakuɗa da nawa, na duba na duba ban iya ware nawa ba. Saura guda ɗaya tak a kan faranti, bakinsa da igiyar kaba. Kowa yana nan: Hajiya Talatu da sauran masu sari sun kewaye, Alhaji Gambo a bayan ma'auni, Sabi'u a gefensa, yanzu babu ƙwarya a hannunsa, makullin mota yake riƙe da shi.

Bodarin yana kan farantinsa, amma a kwance, ƙafafu sama, baki a buɗe, ido a kafe. Ma'aunin kuma yana tsaye kai ɗaya.

Alhaji Gambo ya yi magana, karo na farko a mafarkin. Ya ce, "Ya mutu, Hajiya. Yanzu ya zama dutse. Ɗinke mu tafi."

Mutane suka ce, "Ya zama dutse."

Na tuna masu raƙuman nan sun gaya min cewa in bodari ya ga ba mafita kwanciya yake yi kamar gawa, kuma kada a yarda da mutuwarsa sai an ga ƙuda ya sauka a kansa. Na duba. Babu ƙuda ko ɗaya. Na ƙura wa cikinsa ido, na ga gashin wajen haƙarƙari yana motsi kaɗan kaɗan.

Hannuna ya fara tafiya wajen bakin buhun da basilla. Wannan karon na cije, na saki basillar ta faɗi cikin yashi. Na san abu biyu a lokacin, kuma na san su sarai kamar a farke. In na bar shi a kan faranti, awon ƙarya ne, kuma da zarena za a rufe shi. In na ɗauke shi, ni zai fesa wa.

Sabi'u ya ce, "Yaya, kar ki taɓa."

Na ce, "Ka san yana da rai ke nan?"

Ya kau da kai, yana juya makullin a hannu.

Na sa hannu na kama shi ta ƙeya na ɗaga. Wallahi kamar na ɗauki ƙunshin auduga. Yatsuna suka nutse cikin gashi har suka haɗu, naman da ke ciki bai fi damtsen jariri ba. Rabin kilo da ɗan ɗori, ko ƙwayar dabino bai ƙara ba. Na buɗe baki in ce kun gani, sai ya murɗe a hannuna ya ɗaga wutsiya.

A fuska ya same ni. Idona ya rufe ruf, yaji kamar an watsa min barkono, warin ya shige min har maƙogwaro. A daidai lokacin na ji farantin buhun ya doki ƙasa da ƙarfi, buhun ya fashe, abin da ke ciki ya fara zuba. Ina jin ƙarar zubarsa, shaaa, ba ta tsayawa. Na kasa kunne in gane. Busasshen dabino mai kyau yana da ƙararsa in yana zuba, kamar tsakuwa. Yashi ma yana da tasa. Wannan ƙarar tana tsakani. Na murza ido da gefen mayafi, ya ƙara rufewa.

Na ce, "Me ya zubo? Jama'a, me ke cikin buhun?"

"Hajiya Talatu, ke kina gani. Dabino ne?"

Sai ƙarar takalma a yashi, suna ja da baya. Na ji wata ta ce, "Uhm, wari." Wata ta ce, "Daga jikinta ne." Na miƙa hannu ina lalube in taɓa abin da ya zubo, duk inda na taka sai in ji mutane sun ƙara nisa. Bodarin ban san lokacin da ya suɓuce ba, hannuna dai ya zama wayam. Can nesa na ji an tayar da mota. Na kira Sabi'u sau biyu. Muryarsa ta zo ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ya ce, "Yaya, ai da kin bari." Ban ji sauran ba, ƙarar motar ta danne.

Na durƙusa, yatsana ya kusa taɓa abin da ya zubo, sai na farka ana kiran assalatu.

Abin da na fara yi shi ne shinshina hannuna. Babu komai sai ƙanshin man da na shafa. Na yi tofi a hagu na nemi tsari. Na san an ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, amma ni ban tabbata mummuna ba ne ko gargaɗi, tunda bayan istihara ya zo. Na gaya wa maigidana, ya ce waken da na ci da dare ne ya yi min yawa, in sha kanwa. Shi malamin makaranta ne, bai taɓa sayen buhun da ya buɗe ya tarar da rabinsa yashi ba.

Da hantsi Sabi'u ya kira ni a waya.

"Yaya, kin tashi lafiya? Alhaji ya ce kaya sun kusa, a share wuri."

"Na ce masa na yarda ne?"

"Ba ki ce ba, amma ai ba ki ce a'a ba."

"Sabi'u, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin cikin buhun nan ko guda?"

Ya ce, "Na ga motar dai, Yaya. Da idona na gan ta, har na zauna a ciki."

Na ce sai la'asar, na kashe.

Ni ba mai tsoron asara ba ce. Na yi asara a kasuwa ba sau ɗaya ba, ruwa ya taɓa cinye min kaya a hanya na tashi na ci gaba. Amma ina son in san abin da nake saya kafin in biya, shi ya sa nake ta juya mafarkin nan kamar buhun da ban yarda da shi ba. Da farko na ce bodarin Alhaji Gambo ne, riga da turare, in an cire ba abin da ya rage. To amma ƙanena ne ya kawo shi a ƙwarya, kuma a cinyar mahaifiyata ya kwanta lafiya bai yi mata komai ba. Bai fesa wa kowa ba sai ni da na taɓa shi. Har na fara tunanin ko zargin nan nawa ne bodarin, ɗan abu marar nauyi da na bari ya kumbura har ya kai buhu ɗari. Sai kuma in tuna awon da aka yi a gabana, mai nauyi daidai, marar nauyi daidai, wannan kam ko a mafarki ƙarya ce.

Ga yadda lissafin ya tsaya min. A mafarkin na ɗauke shi, na kuma tabbatar da gaskiyata, nauyinsa bai wuce yadda na sani ba. Ribar da na samu ke nan, ita kaɗai. A kanta na rasa idona, masu saye suka gudu daga jikina, ƙanena ya shiga mota ya tafi, kuma abin da na yi duk wannan domin in gani, cikin buhun, ban gan shi ba. In na ce a'a yau, kayana sun tsira, amma har in mutu dangi za su riƙa cewa ni na hana Sabi'u mota saboda dabinon da watakila lafiyarsa ƙalau. In na ce to, kuma buhu ɗaya ya fashe a Kano da tsutsa a ciki, ba Alhaji Gambo za a nema ba.

Don Allah masu ilimin fassara, da manyan da suka ga jiya, ku duba min. Wanda aka nuna masa ya ɗauke abu daga kan ma'auni, ya yi daidai a awo amma ya kwashi wari, ce masa ake yi ya ɗauke ya jure, ko ce masa ake yi ya janye hannunsa? Kuma me ya sa aka rufe min ido a daidai lokacin da buhun ya fashe?